Amsa: Wa ya ci gasar duniya ta speedway (wani nau'in tseren babur) sau uku a jere?

Malam, wanda kake tambaya Ivan Mauger ne, haifaffen Christchurch a New Zealand. Ya lashe 1968, 1969 da 1970, ya ƙara da 1972, 1977 da 1979, shida ke nan. Ka tuna fa, babur ɗin wannan tsere ba shi da birki, giya ɗaya ce tal, a kan ƙasa ake karya kwana. A Ingila ya yi wa ƙungiyar Belle Vue ta Manchester wasa. Babur ɗinsa na 1970 har ruwan zinariya aka yi masa. Da ya yi ritaya sai ya koma shirya gasanni, ya zauna a Gold Coast ta Ostireliya. Ciwon mantuwa ya addabe shi a ƙarshe, ya rasu a 2018.