Hukuncin saye da sayar da hannun jarin bankuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da hannun jari a wani banki mai mu'amala da kuɗin ruwa. Sun taɓa ba ni rabon riba, amma galibi jira nake farashi ya tashi in sayar. Ya halatta? In bai halatta ba, yaya zan yi da abin da ke hannuna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hannun jari yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya sayi hannun jarin banki ya zama ɗaya daga cikin masu bankin, ko da rabonsa bai taka kara ya karya ba. Irin wannan banki kuwa, asalin sana'arsa karɓar ajiya da ba da bashi da ruwa. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, Ya halatta ciniki Ya haramta riba, wato kuɗin ruwa. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin ta, da mai ba da ita, da marubucinta, da shaidunta biyu. In marubuci bai tsira ba, ina ga mai dukiyar? Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce babu saɓani kan haramcin saka jari a kamfanin da aka kafa domin haram.

Cewa ba ka jiran rabon riba bai canja komai ba. Ko wuni ɗaya ka riƙe shi, a wunin kai mai banki ne, kuma hajar da ka sayar ita kanta haram ce.

Akwai inda mutane ke ruɗewa, ɗan'uwa. Sun ji ana cewa in haram ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba, sai a tsarkake a ci gaba. Wannan ma'aunin AAOIFI ne, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, kuma an yi shi ne don kamfanin da sana'arsa halal ce, kamar siminti ko sadarwa: bashin ruwan da ke kansa kada ya haura kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin da ya ajiye da ruwa ma haka, kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5. Bankin ruwa tun a ƙofa ya faɗi. Ko yana da sashen Musulunci, hannun jarin na bankin ne gaba ɗaya, ba na sashen ba.

Mafita: ka tuba, ka umarci dillalinka ya sayar ba tare da jiran tashin farashi ba. Malamai sun yi rangwame kan wannan sayarwa don ita ce hanyar fita. Ka ɗauki uwar kuɗinka kawai, kamar yadda aya ta 279 ta nuna. In ka saya dubu 100 ka sayar dubu 130, dubu 30 ɗin na talakawa ne ko aikin amfanin jama'a, da niyyar rabuwa da haram, ba neman ladan sadaka ba. Haka rabon ribar da ka karɓa da ƙarin hannun jarin da aka ba ka kyauta. Nemi bayanin asusunka wurin dillali ka lissafa. Abin da ya ɓace maka, ka kintata da gaskiya. In an sayar ƙasa da uwar kuɗi, duka naka ne. Kada ka biya zakka ko bashinka da wannan ƙari.

Bankin Musulunci da ke da kwamitin malamai masu sa ido, hannun jarinsa halal ne, matuƙar ba ka saya da rancen dillali mai ruwa ba, ba ka kuma sayar da abin da ba ka mallaka ba. Mai saye don sayarwa zai fitar da zakka kashi 2.5 na darajar kasuwa idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo.

Wallahu a'alam.