Amsa: Allo na ya ƙi ganin na'urar WiFi da ke manne a jikinsa

Malam, ka ce guntun WiFi ɗin an lika shi a kan allon, wato board ɗin kwamfutar, ta USB yake magana da kwakwalwar (processor), amma Linux bai san da zamansa ba. Kafin ka zargi direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, buga lsusb tukuna, umarnin da ke jera na'urorin USB da Linux ke gani.

In lambarsa ta fito, to da sauƙi. Ka duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kernel (zuciyar Linux), galibi firmware, wato manhajar da ake loda wa guntun, ne babu a /lib/firmware, ko kuma ba a haɗa direban a kernel ɗinka ba.

In bai fito ba kuwa, nan ne aikin yake. USB na gano na'ura da kansa, amma sai an ba ta wuta an kuma saki layin reset ɗinta. A kan allo irin naka, wani fil na GPIO, wato fil ɗin da manhaja ke iya kunnawa da kashewa, ne ke riƙe da wannan, kuma kernel ba zai taɓa shi ba sai an rubuta masa a device tree, fayil ɗin da ke bayyana wa kernel kayan da ke kan allon. Don haka aka yi direban onboard_usb_hub, wanda yanzu ake kira onboard_usb_dev, domin ya ba na'urar wuta ya saki reset ɗinta bisa abin da ke device tree. Ni a ganina ya fi rubutun da mutane ke yi a rc.local (fayil ɗin da ke gudana lokacin tashin Linux) suna kunna fil da hannu, wanda kan iya lalacewa idan allo ya farka daga barci.

Ka kuma tabbatar dr_mode, saitin da ke faɗin rawar da tashar USB ke takawa a device tree, yana kan "host".