Ƙwaryar da Inna ta ajiye wa depite

Mutari, saƙonka ya iso tun daren Talata. Sai da Zara ta karanta mini shi sau biyu, don idon nan ya daina ganin ƙananan baƙaƙen waya, kuma ita ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Karon farko dariya na yi har tari ya sarƙe ni. Karo na biyu ban yi dariya ba.

Ka ce a wajen sunan ɗan 'yar'uwarka Hadiza, tsohon depiten nan, wato ɗan majalisa, surukin gidanku ya baje yana ba mutane labarin yadda ya kawo wa unguwa ruwa, kai kuma ka zaro waya ka kunna masa muryarsa ta shekarun baya yana alkawarin famfo uku da har yau ba a ga ko ɗaya ba, ka ce masa a gaban jama'a, "Alhaji, wannan ƙarya ce." Yau kwana huɗu mahaifiyarka ba ta amsa gaisuwarka. Shi ne kake tambaya ta wai da gaske ne a al'adarmu babba ba ya ƙarya sai dai mantuwa, kuma ko shugaba ne ya shara ta sai a sunkuyar da kai?

Kai dai ka ɗebo ruwan dafa kanka. A gidan suna, ko fiɗar rago ba a gama ba! Mahaifiyarka ƙanwata ce, na san halinta tun tana rarrafe, ba za ta wuce sati ba. Abin da ya dame ni daban ne, zan zo kansa in ban manta ba.

Maganar nan ta babba ba ya ƙarya, mu ma da ita aka raine mu. Amma ka lura da mutanen da suka ƙago ta, su ne kuma suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne, su ne suka ce alkawari kaya ne. Ba wawaye ba ne. Ƙofa suke bar wa babba a buɗe ya fita da sauran mutuncinsa, in yana da kunya ya je ya gyara. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce in ka rutsa akuya a lungu har cizo tana yi. Kuma ba su bar manya sakaka ba. Malami yana da bakin faɗa wa sarki gaskiya. Maroƙi yana da zambo, kuma babu basaraken da bai ji tsoron zambo ba, don yakan bi mutum har jikokinsa. Ga abokan wasa: Bafulatani ya tare Babarbare a tsakiyar kasuwar Dole ya wanke shi tas, komai rawaninsa, a tashi ana dariya. Kowace gaskiya da mai ɗaukarta da ƙofar da take shiga. Ku kuwa yanzu ƙofa ɗaya kuka sani, ta gaba, kuma da ƙafa kuke banke ta.

Bari in ba ka labarin kakarka Inna, don kai ba ka riske ta da ƙarfinta ba.

Ka san Damagaram a kan dutse take zaune, ƙishirwa kuwa ta girme mu duka. Ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza, kuma bai taɓa isar gari ba. In bazara ta kama, famfo sai ya yi kwanaki yana hura iska. Mahaifiyarka da sauran 'yan matan lungunmu na Birni ƙarfe biyun dare suke tashi su jera bokiti da tuluna a layi, wata rana su dawo da hantsi hannu rabbana. 'Yan ga-ruwa su ne sarakunan gari a lokacin.

To, sai siyasa ta dawo. Babban taron ƙasa ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ɗan garin nan André Salifou yana shugabanta. Rediyo ba ta sauka daga kunnenmu ba wata uku. Mu da muka girma zamanin mulkin soja na Kountché, inda ko a ɗakinka kake sai ka waiga kafin ka ambaci gwamnati, sai ga shi muna jin ana titsiye waɗanda suka yi mulki da tambayoyi, har da maganar ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. Wallahi mun ɗauka ƙarya ta ƙare a ƙasar nan. Ina da shekara arba'in ba ɗaya a lokacin, ina koyarwa a lakkwal, amma hankalina bai fi naka na yau ba.

Da zaɓen 'yan majalisa na Fabrairu 1993 ya matso, wani ɗan takara ya zo zaurenmu. Ba zan faɗi sunansa ko jam'iyyarsa ba, ya riga mu gidan gaskiya kuma 'ya'yansa suna nan. Ni na kawo shi, wannan ma ka sani. Ya zo da turmin atamfa da sabulu da goro. Ya dafa ƙirji ya ce in Allah ya ba shi, kafin damina za a kafa famfo a bakin lungunmu, matan Birni sun gama kwanan layi. Inna tana bayan ƙofa tana ji. Ta aiko a mayar masa da atamfar da sabulun, ta ce ta gode, tana da sutura. Goro ɗaya tak ta ɗauka, don ƙin karɓar goro cin fuska ne. Ba ta ci ba. Na ga ta ƙulle shi a tsumma ta jefa a bayan tukunyar kayanta, ban kawo komai a raina ba.

Ya ci zaɓe. A watan Maris ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, ya zama shugaban ƙasa, gari ya kwana kiɗa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Mutuminmu ko ƙurar motarsa ba mu gani ba.

Da lissafinsa ya tafi daidai, shekara biyar zai yi kafin ya sake neman mu, lokacin an manta. Sai rikici ya kaure a Yamai, aka rusa majalisa a ƙarshen 1994, aka sa sabon zaɓe a Janairu 1995. Ga shi nan ya dawo, shekara biyu ba ta cika ba.

Ranar ina ganinta kamar jiya. Hunturu ne, hazo ya rufe gari, ko ganuwar fada ba ka hangowa sosai. Bayan la'asar Fijo ta tsaya a bakin lungu don ba ta iya shiga. Ya fito da babbar riga fara ƙal ta sha bugu, maroƙi a gaba yana kirari, 'yan rakiya wajen goma a baya. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, dattawan lungu suka zauna, yara suka cika ƙofa. Ana cikin gaisuwa sai ga Inna ta fito da kanta. Tsohuwa ta haura saba'in, ba ta saba fitowa zaure in da maza ba. Tana riƙe da ƙwaryar nan tata mai zane wadda ake ba manyan baƙi ruwa da ita, an rufe da sabon faifai. Ta zo gabansa ta durƙusa har ƙasa. Mutumin da bai kai ni shekaru ba!

Ya ce, "Haba Inna, tashi, ai sai ki aiko yara."

Ta ce, "Baƙo irinka ba a aiko masa yaro. Bisimilla."

Ya karɓa da hannu biyu. Tun daga nauyin na ga fuskarsa ta sauya. Ya ɗaga faifai. Babu ko ɗigo. Sai wani abu baƙi a tsakiyar ƙwarya, ya bushe ya ƙanƙance kamar tsakuwa. Goronsa ne.

Inna ta ce, a hankali, kamar mai tambayar lafiyar iyali, "Ruwan famfonka ne, ɗana. Shekara biyu ina tara maka. Sha ka rage wa 'yan rakiya."

Mutari, maroƙin nan bakinsa a buɗe ya tsaya, rabin kirari a ciki. Zaure ya yi tsit, har kukan akuyar maƙwabta muna ji. Limamin lungu ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Depite ya shiga kame-kame: ai an karya darajar kuɗin sefa a Janairun bara, komai ya ninka, takardun suna ofis a Yamai, saura sa hannu kawai. Na farkon gaskiya ne, sefa ta faɗi da rabi a 1994, kowa ya ji a jikinsa. Inna ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Ai ni ban ce ka yi ƙarya ba. Ni wa? Ruwa na kawo wa baƙo." Ta karɓi ƙwaryarta, ta bar masa goron a tafin hannu, ta koma ciki.

Ka ce in gaya maka an kafa famfon? Ba a kafa ba. Motar ruwa ta zo lungu sau biyu kafin zaɓe, bayan zaɓe ko sau ɗaya. Amma kafin magariba labarin ya kai Zango, washegari ya zagaye kasuwa. A rumfar zaɓenmu ƙuri'unsa ba su taka kara sun karya ba. Kuma har ya bar duniya, in ya wuce, sai ka ji wani ya ce a ƙasa-ƙasa, "Ga mai ƙwarya nan." Ba wanda ya zage shi, bai kuma sami wanda zai kai ƙara ba.

Da dare Inna ta kira ni ɗakinta. Na zaci za ta yi mini bayani ne. Sai ta ce, "Nawa ya ba ka?" Lokacin malaman lakkwal mun yi watanni ba albashi, na karɓi jika goma a hannunsa tun zuwan farko, kuma na ɗauka ba wanda ya sani. Ta ce, "Shi ya sa ka kasa ɗaga kai. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Da na ɗaura atamfarsa, da wane hannu zan miƙa masa ƙwarya?" Ban ce uffan ba. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a lokacin, amma na fito daga ɗakin nan kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Wannan ne nake so ka auna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutanen da suka yi shiru a wajen sunan nan, ba duka ladabi ne ya rufe musu baki ba. Wani buhun shinkafa ne, wani kujerar Makka, wani ɗansa aka sama wa aiki a matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, ko aka yi masa alkawarin za a sama. Sai a lulluɓe abin da rigar al'ada a ce yaro ya yi rashin kunya. Al'ada ba ta ce haka ba, ciki ne ya ce.

Kada kuma ka ɗauka ina ce maka kowace ƙarya ƙwarya ke maganinta. Akwai wadda ta fi ƙarfin habaici. Ranar 9 ga Afrilu 1999 aka bindige shugaba Baré a filin jirgin Yamai, da yamma aka fito a rediyo aka ce mana haɗari ne ya rutsa da shi. Duk ƙasar ta san ba haka ba ne. Maimakon a tuhumi wani, sai aka rubuta afuwa a cikin tsarin mulki, muka je muka jefa masa ƙuri'a, har da ni. A 2005, bayan fara da fari sun cinye amfanin gona, mutanen karkara suna shigowa garin nan da yara kamar tsinke, a ƙauyuka ana jiƙa anza ana ci, sai muka ji shugaba Tandja ya gaya wa BBC babu yunwa a Nijar, jama'a da alamar ƙoshi. Ina zaune a zauren nan na ji, wata mata daga wajen Tanut tana bakin ƙofa tana roƙon dusa. A irin wannan, da ban sami mai cewa ƙarya ce ba, da na ji kunyar zamaninmu. An samu, 'yan jarida ne da 'yan ƙungiyoyi, wasunsu sun kwana a kurkuku. Saboda haka ba zan ce maka ka yi laifi ɗungurungum ba. Amma ka san zamanin da muke ciki, kuma baki shi ke yanka wuya. Abin da ya hana ni dariya karo na biyu ke nan. Abin da ka faɗa a tsakar gida ya tsaya a tsakar gida, kada in ji ka ɗora shi a Facebook, ko 'yan fadarku sun zuga ka a kan shayi.

Ku yaran yanzu kun fi mu abu ɗaya, waya ba ta mantuwa. Inna goro ta ajiye, kai murya ka ajiye, duk ajiya ce. Sai dai ita ta jira shekara biyu har ya kawo kansa zaurenta yana neman abu a hannunta. Kai ka tare mutum a taron da ba naka ba, ranar farin cikin 'yar'uwarka, ba ya neman komai a wurinka. Yanzu in an tuna sunan yaron nan ba za a tuna famfo ba, za a ce ranar da Mutari ya yi wa surukinsu tsawa. Hadiza ce za ta zauna da dangin mijinta, ba kai ba.

Mu ma iyaye da namu. Mai bin bashi ya yi sallama, a tura yaro ya ce Baba ba ya nan, alhali Baba yana ɗaka yana shan fura. Yaro ya yi kuka a ce yi shiru gobe zan kai ka kasuwa, goben da ba ta zuwa. Yaron nan ne zai girma ya zama depite, a ina kake so ya koyi cika magana? Zara tana dariya tana cewa in faɗi maganar keke. To, na faɗa. Na yi maka alkawarin keke in ka ci satifika, ka ci, yau shekara goma sha biyu. Ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, ni kuma na bar shi a mantuwa, irin ta manya.

Ka sayi goro mai kyau ka kai wa mahaifiyarka gobe da safe, ka durƙusa, kada ka yi mata bayanin komai. In ta sauko, ka tambaye ta ƙwaryar Inna, a wurinta take tun rabon gado, ta tsage a baki an ɗinke. Ita ce ta wanke ta ranar, ita ta ɗauko faifan, kuma tana laɓe a bayan ƙofa lokacin da aka buɗe. Ka ji abin da za ta ce maka. Zancen ko za ka je ka ba Alhajin haƙuri kuwa, bari sai ka zo Juma'a mu yi shi baki da baki. Ka taho mini da maganin ɗigon idon nan, kuma ka zo da wayar, ina so in ji muryar da kunnena.