Hukuncin Jona wa Ƙofar Shago Wutar Lantarki Saboda Ɓarayi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da shagon kayan masarufi a bakin titi a unguwarmu a nan Kano. Daga ƙaramar salla zuwa yanzu sau biyu ana shigar mini. Karon farko ta sama suka biyo, suka ɓanɓare kwano suka fasa silin, suka kwashe kuɗin ciniki da katan-katan na madara. Na biyun kuwa ba a fasa komai ba. Na zo da safe na tarar da kwaɗona a rufe yadda na bar shi, amma buhunan shinkafa da jarkokin mai sun ragu. Zuciyata ta fi kwanciya a kan wani yaro da na sallama kwanakin baya, don ya taɓa riƙe mini makulli. Wani mai gyaran wuta ya ce zai jona mini waya daga mita zuwa ƙofar ƙarfen, in zan tashi da dare in kunna, duk wanda ya taɓa ya gane kurensa. Wani ɗalibin ilimi a masallacinmu ya ce babu komai, wai jinin ɓarawo ya halatta, ya kawo hadisin wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa. Abin da ke ɗan damuna shi ne akwai almajirai da kan kwana a barandar shagon in ana ruwa. Mene ne hukunci? Malam, jarina ya kusa karyewa.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa, ya sa ya zama kankarar zunubi. Wanda bai taɓa buɗe shago da safe ya tarar da kanta wayam ba, ba zai san zafin da kake ji ba, don haka ban ga laifinka ba da ranka ya ɓaci. Amma wannan waya, ɗan'uwana, kada ka yarda a jona ta. Haramun ce, kuma a yadda ka kawo labarinka nauyinta ya wuce yadda kake zato.

Tsare dukiya kam babu mai jayayya a kansa. Kwaɗo, sakata, maigadi, fitila, kyamara, duk riƙo da sababi ne, ba su taɓa tawakkali. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Kalmar da ta tsayar da ni a wasiƙarka ita ce ta yaron da ka sallama. Mai yiwuwa ka ambace shi ne kawai don in fahimci labari, amma shi ne ya sauya hukuncin gaba ɗaya. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke aiki da ita, kisa ba sai mutum ya ɗaga hannu ya sara ba. Akwai kisa ta hanyar ɗana sababi. Shaihu Khalil a Mukhtasar, a babin jini, ya kawo misalai: haƙa rami ko da a cikin gidan mutum ne, zuba abu mai santsi a hanya, ɗaure dabba a kan hanya, ajiye kare mai cizo bayan an gargaɗi mai shi. Ya ce in an yi haka da nufin cutarwa kuma wanda aka nufa ɗin ne ya halaka, to ƙisasi ne. In wani ne daban ya halaka, diyya ce. Masu sharhi suka bayyana cewa ƙisasin yana tabbata ne idan wani mutum takamaimai aka nufa. To kai ga shi da bakinka ka ce akwai wanda zuciyarka ta kwanta a kansa. In ka ɗana wayar kana jiran shi, ya zo ya taɓa ya mutu, a fiƙihun da muka karanta ka buɗe wa kanka ƙofar ƙisasi, wato rai a bakin rai, a kan buhun shinkafa.

In kuma ba shi ta kama ba, ba ka tsira ba. A cikin Mudawwana an kawo daga Imam Malik cewa wanda ya haƙa wa ɓarawo rami a cikin gidansa, ko ya ɗana masa abin da zai halaka shi, ɓarawon ya faɗa ya mutu, to lamuni, wato biyan diyya, yana kansa, domin da gangan ya nufi ajalinsa. Ka lura, wannan ɓarawo ne na gaskiya, ya riga ya shigo cikin gida. Ina kuma ga almajiri ɗan shekara goma da ruwa ya koro, ya zo jiƙe sharkaf, ƙafa ba takalmi, ya jingina bayansa da ƙofarka don ya ɗan runtsa? Wutar gida ba ta jefar da mutum, riƙe shi take yi, kuma jiƙaƙƙen jiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne abin da ta fi saurin kashewa. Wannan damuwar da ka ce tana ɗan taɓa ka, ita ce imaninka yake yi maka magana, kada ka danne ta. Diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Dinari ɗaya giram 4.25 ne na zinariya, ka ga ke nan kilo huɗu da kwata. Ka je ka tambayi masu sayar da gwal farashin giram ɗaya yau, ka lissafa, sannan ka dubi shagonka da duk abin da ke cikinsa. Ban da kaffarar azumin wata biyu a jere, ban da hukuma, ban da tsayuwa gaban Allah.

Yanzu sai maganar ɗalibin nan na masallacinku, kuma zan ɗan tsawaita a kanta domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Na sha jin ta a bakin 'yan kasuwa, har da masu gemu.

Hadisin da ya kawo ingantacce ne, amma ya karanta ƙarshensa ya bar farkonsa. A ruwayar Muslim daga Abu Huraira, wani ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo zai karɓe masa dukiya, aka ce kada ya ba shi. Ya ce in ya yaƙe ni fa? Aka ce ya yaƙe shi. Sai a nan ne maganar shahada ga mai dukiyar in aka kashe shi, da maganar wutar Jahannama ga maharin in shi aka kashe, suka biyo. Dukan hadisin a kan mutum ne da ke tsaye a kan dukiyarsa, ga wani ya zaro masa makami. Kai kuwa a lokacin da wayar za ta yi aikinta kana gida kana barci, babu wanda ya yaƙe ka, ranka ba ya cikin haɗari. A ruwayar Nasa'i ma an jero matakan a fili: ka tuna masa Allah, in ya ƙi ka nemi taimakon Musulmin da ke kusa da kai, in babu ka nemi hukuma, sai in duk sun gagara ne za ka yi faɗa. Shi ya sa malaman fiƙihu suka ce ana tunkuɗe maɓarnaci da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi. In ihu zai kore shi ba a ɗaukar sanda, in sanda za ta isa ba a ɗaukar adda. Khalil ya sharɗanta gargaɗi tukuna ga mai fahimta, kuma bai halatta nufin kisa ba sai an tabbata babu wata hanya. Waya ba ta gargaɗi, ba ta da mataki na ɗaya balle na biyu, kuma ba ta san ɓarawo daga mai fakewa ba.

Sannan wa ya ce jinin ɓarawo ya halatta? Haddin sata yanke hannu ne, shi ma alƙali ke yanke shi bayan shaidu ko iƙirari, bayan an tabbatar kayan sun kai nisabi, rubu'in dinari, kuma an fitar da su daga ma'ajiyarsu. Wanda ya ɗora hannu a kan ƙofa bai fitar da ko allura ba tukuna. Da za a kama shi a wannan hali a kai gaban alƙali, ko yatsansa ba za a yanke ba, iyaka a yi masa ta'aziri, wato horon da alƙali ya ga ya dace. Ta yaya abin da shari'a ba ta ba alƙali ba za ta ba mai shago da mai gyaran wuta? Ka tuna Abu Huraira da aka sa shi gadin zakkar fid-da-kai, ya kama mai ɗiban abincin dare uku a jere, hannu cikin kaya. Abin da yake ce masa kowane dare shi ne zai kai shi gaban Manzon Allah (SAW). Bai ce zai kashe shi ba.

Wataƙila ɗalibin ya dawo ya ce ai shagonka ne, mutum yana da ikon yin abin da ya so a mulkinsa, ya kawo hadisin da ya ce wanda ya faɗa rijiya babu lamuni a kan mai ita. Don adalci, akwai malaman wasu mazhabobi da suka ce wanda ya haƙa rijiya a cikin mulkinsa, wani ya shigo ba izini ya faɗa, ba ya biya. Amma maganarsu a kan rijiyar da aka haƙa don amfani ce, a can cikin gida. Ba su ce ka haƙa ta da nufin kashe mutum ba. Kuma ƙofar shagonka fuskarta titi take kallo. Mai wucewa yana taɓa ta, makaho yana laluba ta, yaron da aka aiko sayen sukari da asuba yana bubbuga ta don ya ji ko kana ciki. In gobara ta tashi, maƙwabta da 'yan kwana-kwana su za su fara kama ta. Kai kanka wata rana za ka zo da safe hankalinka na wani wuri, an ɗauke wuta da dare an dawo da ita, ka manta ba ka kashe ba. Ka gaya wa ɗalibin nan, cikin ladabi, cewa mas'alar jini ba a yi mata fatawa a tsaye a ƙofar masallaci. Mai gyaran wutar kuma ya ji tsoron Allah, yana da kaso a zunubin, kuɗin da zai karɓa a wannan aiki ba halal ba ne.

Akwai wata waya daban da ake sa wa a saman katanga, wadda aka ƙera don ta fizgi mutum ta sake shi ba tare da ta kashe ba. In ta irin wannan ce, masana aikin suka ɗaura ta a inda hannun mai wucewa ba ya kaiwa, da alamar gargaɗi, hukuma ba ta hana ba, ban ga laifinta ba. Amma wannan ba ita ce tsirarar waya daga mita ba, kada wani ya haɗa maka su. Tsirarar waya a kan ƙarfe ita kanta hanyar gobara ce, ga shagonka cike da mai da kwali. Mutanen Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta lashe dubban shaguna. Wuta in ta kama a jerin shaguna ba ta tsayawa a na wanda ya jawo ta, kuma asarar maƙwabta a wuyansa take.

Game da yaron, ba ka tambaye ni ba amma zan faɗa. Kwaɗon da aka buɗe aka mayar ba tare da an ɓalla ba alama ce mai ƙarfi cewa akwai makulli a hannun wani, da ɗan gari akan ci gari. Amma alamar ba ta ce shi ne ba. Wa ke riƙe makulli yanzu? A ina kake ajiye shi in ka koma gida? Wa ka taɓa ba ya je ya ɗauko kaya ya dawo? Kada ka kama sunan yaron nan a majalisa, kada ka tura masa 'yan sintiri su doke shi don ya amsa, iƙirarin da aka samo da duka ba hujja ba ne. Kuma ina roƙonka da Allah, kada ɓacin rai ya kai ka wurin mai duba ko mai juya turmi wai a gano maka ɓarawo. Wannan ka san hukuncinsa, asarar addini ce a kan ta dukiya. In kana da wata shaida ka kai wa mai unguwa ko 'yan sanda. In kuma lokacin da ka sallame shi akwai wani haƙƙinsa da ya maƙale a hannunka, ka biya shi. Ban ce hakan ya halatta masa sata ba, ina dai so ka fuskanci Allah da addu'a hannunka a wanke.

Kuɗin da za ka ba mai gyaran wuta ka kai wa mai walda. A sauya kwaɗunan duka yau ɗin nan, a sa musu akwatin ƙarfe yadda almakashin yankan rodi ba zai kai gare su ba, a gitta rodi a ƙarƙashin kwano tunda ta sama aka fara shigar maka. Kada kuɗin ciniki su kwana a aljihun tebur. Fitilar sola a baranda da kyamara ɗaya mai kallon ƙofa za su gaya maka abin da zato ba zai gaya maka ba. Ka riƙa ƙirga kaya kafin ka rufe, kuma ka rufe da bismillah kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umarni. Almajiran nan ma kada ka kore su, ka san malaminsu, ka kyautata musu. Ɓarawo ba ya son ƙofar da ke da idanu.

Kare don gadi, malamai sun saɓa. Risala ta hana ajiye shi a gidajen gari, amma ana ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, mai Risalar, ya ajiye lokacin da ya ji tsoro, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Abin da na fi natsuwa da shi ya halatta in akwai buƙata ta gaskiya, sai dai a bakin titi irin naka, da yara na kwana a wurin, ban ba ka shawara ba.

Mafi amfani ku haɗa kai da maƙwabtan shaguna ku ɗauki maigadi, ku ba shi albashin da zai iya rayuwa da shi, da tocila da usur, kuma ku biya a kan lokaci. Ka sani maigadi da yaran shago amintattu ne a shari'a. In an yi sata ba a cire asarar daga albashinsu sai an tabbatar sun yi sakaci, kamar maigadi ya bar wurin ya tafi, ko yaro ya bar ƙofa a buɗe. Na faɗi wannan ne don na san abin da 'yan kasuwa da yawa ke yi da zarar kaya sun ɓata, kada ka ce za ka fanshe shinkafarka daga kuɗin yaran da ke tare da kai yanzu.

Wallahu a'alamu.