Juyin da ido ba ya gani

Ka tambaye ni yadda nake sanin gudun fankar injin ban-ruwa alhali tana rufe cikin ƙarfe, ka kuma haɗa da abin da ka ji a rediyo, wai masana na auna juyin baƙin rami a sararin samaniya. Miƙo min sifana 13, ka zauna, yaro. Tambaya ɗaya ce ka raba biyu.

Ni ba na ganin fanka. Ƙarfin ruwan da ke fita ta tiyo nake duba, in kasa kunne ga kukan inji. Masanan ma haka suke yi. Baƙin rami wuri ne da tsabar ƙarfin jansa ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa, maƙwabcinsa ne ke tona masa asiri. Akwai wani da ake kira Cygnus X-1, nauyinsa ya kai na rana sau 21, shi da wani ƙaton tauraro suna zagaya juna cikin kwana 5 da rabi da 'yan awanni. Yana zuƙar iskar tauraron, ita kuma ta yi ta kewaya bakinsa kamar man da kake zubawa a mazurari, tana zafi har ta fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Lissafin Einstein na 1915, wanda Roy Kerr ya warware wa rami mai juyi a 1963, ya ce akwai iyakar da in iskar ta ƙetare, sai faɗawa. Ramin da ba ya juyi, iyakarsa na can nesa. Wanda ke juyi iya ƙarfinsa, ta fuskar da iskar ke bi, iyakar kan matso har kashi ɗaya cikin shida na wancan nisan. Matsowa ƙarin zafi ce, zafin kuwa ana karanta shi a jikin hasken. Daga nan ake gane juyin. Ma'auninsa daga sifili ne zuwa ɗaya, na Cygnus ya haura 0.9.

Akwai hanya ta biyu, ta kunne, ni dai ita ta fi kwanta min. Ka sha ganin ina ƙwanƙwasa ƙarfe in saurara, ko ya tsage ko lafiya. Ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO a Amurka, masu sauraron girgizar sararin samaniya, suka kama girgizar wasu ramuka biyu da suka haɗe, ɗaya nauyin rana sau 36, ɗayan sau 29. Sabon ramin ya yi amo kamar ƙararrawa kafin ya lafa, kuma lissafi ya ce nauyi da juyi kaɗai ke tsara wannan amo. Sai aka ɗauki girgizar kafin haɗuwa aka ƙiyasta juyin da ya kamata a samu, kusan 0.7, aka gwada da ta bayan haɗuwa. Da sun saɓa, da maganar Einstein ta shiga uku. Ba su saɓa ba.

Tashi ka ja igiyar injin mutumin Kadawan nan, albasarsa na jiran ruwa. Kada ka taɓa komai tukuna. Saurara, ka gaya min boris ne ko fanka.