Tambayi Likita: Malamata ta ce binciken da na kawo ba shi da ƙarfi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, ni ɗalibar koyon aikin jinya ce, muna kan rubuta furojet yanzu, na ɗauko wani bincike a intanet na saka amma malamar da ke duba min ta zizara masa jan biro wai ba shi da ƙarfi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne a mujallar likitoci ta waje aka buga shi, kuma farfesa ne ya rubuta fa. Ni ɗaliba ta yaya zan gane mai ƙarfi da mara ƙarfi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Wallahi malamar nan gata ta yi miki, don sunan farfesa ba ya zama hujja. Kin tuna hayaniyar klorokwin lokacin korona? A watan Maris na 2020 wani babban farfesa a birnin Marseille na Faransa, Didier Raoult, ya fitar da bincike cewa maganin hydroxychloroquine, ɗan'uwan klorokwin, yana kashe ƙwayar cutar, shugaban Amurka na lokacin ya hau kai ya yi ta yayatawa, mu ma nan mutane suka ruga kemis saye har aka kwantar da wasu a Legas saboda sun sha ya wuce kima.

To da masana suka zauna suka karanta aikin dalla-dalla me suka gani? Mutum 26 aka fara ba maganin amma sakamakon mutum 20 kawai aka lissafa. Ina sauran shidan? Uku jikinsu ya yi tsanani an wuce da su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, biyu suka daina, duk aka cire su daga lissafi. Kin ga kamar makarantar da ta hana daƙiƙan ɗalibanta zana jarrabawa ce sannan ta zo tana tutiya kowa ya ci. Kuma mutum 16 da ba a ba maganin ba waɗanda aka kwatanta da su, ba ƙuri'a aka yi aka ware su ba, wasunsu ma a wasu asibitocin daban suke, sannan abin da aka auna ƙwayar cuta ce a hanci, ba wai wa ya rayu wa ya mutu ba.

Can a Birtaniya kuma aka yi wani gwajin magunguna mai suna RECOVERY, kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a ta ce wannan a ba shi maganin wancan a yi masa kulawar da aka saba, likita ba shi da ta cewa, saboda in an bar masa zaɓi zai iya tura masu ɗan ƙwarin jiki ɓangaren sabon maganin ba tare da shi kansa ya lura ba. Sama da mutum 1,500 suka sha, sama da 3,000 ba su sha ba, a watan Yuni na 2020 sakamako ya fito, bai rage mutuwa ba. A wannan gwajin dai aka gano dexamethasone, magani mai arha, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Shi kuwa binciken Farfesa Raoult, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2024.

Saboda haka in kin samu bincike kar ki tsaya a taƙaitaccen bayanin da ke sama, na san yawancinku nan kuke tsayawa ku kwafa. Ki gangara inda aka faɗi yadda aka yi aikin, ki duba da su wa aka kwatanta, wa ya raba su, mutum nawa aka fara da su nawa suka kai ƙarshe. Ki leƙa PubMed da Cochrane, shafukan intanet ne da ake samun binciken likitanci, su na Cochrane tattaro gwaje-gwaje da yawa suke yi kan magana ɗaya su auna.

Furojet ɗinki kuma in takardar tambayoyi kika raba wa mata masu zuwa awo a asibiti ɗaya ba laifi, amma ki rubuta cewa su kaɗai kika tambaya, matan da ba sa zuwa awo ba ki ji ta bakinsu ba.