Daga ina ruwan jikin gorar zoɓo yake fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da zoɓo a Tudun Wada, Zariya. 'Yata da ke ƙaramar sakandare ta ce an koya musu cewa ruwa yana da yanayi uku, sai ta tambaye ni daga ina ruwan da ke tsattsafowa a jikin gora mai sanyi yake, alhali gorar ba ta huje ba. Na rasa amsa. Kuma me ke sanyaya ruwan randa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya yarinya, ta yi tambaya mai kyau.

Gaskiya ne. Ruwa yakan zama daskararre, wato ƙanƙara, yakan zama mai gudana, yakan kuma zama tururi ya bi iska. Duk abu ɗaya ne, zafi ne kawai ke sauya shi. Ƙwayoyinsa ƙanana da ido ba ya gani, a ƙanƙara suna riƙe da juna gam. Zafi ya shiga, su sassauta, ƙanƙara ta narke a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas. Zafi ya ƙaru, su tsinke su tashi. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, amma Zariya tana kan tudu, sama da mita 600, shi ya sa namu yake tafasa a wajen digiri 98.

To ruwan jikin gora ba daga zoɓon ya fito ba. Da daga ciki yake, ai da ja za ki gan shi. Na iska ne. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da tururi kullum, sai dai ba a ganinsa. Da ya taɓa gora mai sanyi sai zafinsa ya tafi, ya koma ɗigon ruwa. Haka raɓa take sauka kan ciyawa da asuba. Ki lura, a watan Agusta gorarki takan jiƙe sharkaf har ta jiƙa tire, amma da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, da ƙyar take damshi.

Randa kuwa hanyar ce aka juya, kuma ita ta fi burge ni. Jikin yumɓu yana da ƙofofi ƙanana, ruwa yana naso ta ciki, ya fito waje, ya bi iska. Ba sai ruwa ya tafasa yake zama tururi ba, shanya ma shaida ce. Amma ba ya tashi haka kawai, sai ya kwashi zafi, kuma zafi mai yawa: mayar da tafasasshen ruwa tururi yana cin zafi fiye da ninki biyar na wanda ya ɗauko shi daga digiri 0 zuwa tafasa. Daga ruwan cikin randa yake kwasar zafin, sai na cikin ya yi sanyi. Don haka randa ta fi aiki da rani, a inuwa, inda iska ke kaɗawa, kuma wanda ya yi mata fenti ya toshe ƙofofin. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Wani abu da ya shafi sana'arki: in ruwa ya daskare, girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Shi ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa, shi ya sa kuma gorar da aka cika maƙil take kumbura ko ta fashe a firiza. Ki riƙa barin fili kamar yatsu biyu a wuyan gora kafin ki rufe.